Darussana 24 na Lissafi: wane lasisi zan sa musu kafin in sake su?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum. Shekara 9 ke nan ina koyarwa a babbar sakandare, kuma a dogon hutun da ya wuce na haɗa darussa 24 na 'yan aji biyu, kowanne da bidiyo na minti 8 da taƙaitaccen bayani da tambayoyin gwaji. Niyyata in ɗora su a intanet yadda duk malamin da ya so zai ɗauka ya gyara misalan su dace da ɗalibansa, ko ya mayar da su Hausa, ba sai ya nemi izinina ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne lasisin Creative Commons (CC), wato izinin da mai aiki ke bai wa jama'a su yi amfani da aikinsa bisa wasu sharuɗɗa: in sa CC BY, wanda sharaɗinsa a ambaci sunana, ko CC BY-NC-SA, wanda ya hana kasuwanci da aikin, ya kuma wajabta wa mai gyara ya saki nasa bisa wannan sharaɗin? Tun da ba a janye lasisin bayan an saki aiki, ina son jin ta bakin wanda ya taɓa yi. An riga an ɗauki bidiyon, don haka ba shawarar kyamara nake nema ba.

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki nemi ƙwararren mai ɗaukar bidiyo, domin murya mara kyau ita ke korar ɗalibai. Ni naira 15,000 na biya a kan kowane darasi.

Ƙaramin Malami:
Yaya, an yi maka tsada. Naira 4,000 na biya, har da tacewa da sa rubutu a ƙasa.

Tsohon Alli:
'Yata, ki saurari wanda ya ga jiya. Na shafe shekara biyu ina rubuta bayanan Fiziks, na tura su zauren WhatsApp na malamai saboda Allah. Ba a yi wata huɗu ba na tarar da su a shagon hoton takardu da ke bakin ƙofar makarantarmu, an yi musu bango, an cire sunana an sa na wani, ana sayarwa naira 1,500. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai kuskure a shafi na 12 wanda na gyara daga baya, amma su tsohon suka buga, har wani ɗalibina ya miƙe a aji yana musu da ni, yana cewa ba haka littafi ya ce ba. Da na yi wa mai shagon magana sai ya ce shi ma kawo masa aka yi. Tun daga ranar alli da allo kawai na sani.

Dakta ta Laburare:
Allah ya huci zuciyarka, Baba, amma wane lasisi ka sa a kan bayanan?

Tsohon Alli:
Ban sa komai ba.

Dakta ta Laburare:
Ke nan a doka duk haƙƙin yana hannunka, kuma hakan bai hana ɓarawo ba. Cire suna saɓa wa kowane lasisin CC ne, har da CC BY. Sharaɗin hana kasuwanci kuwa mai gaskiya ya fi takurawa: malamin makarantar kuɗi zai tsaya yana shakkar ko ya halatta gare shi, kuma Wikipedia, da ke bisa CC BY-SA, wanda bai hana kasuwanci ba, ba ta karɓar abin da aka sa wa NC, wato sharaɗin hana kasuwanci. Duk da haka jami'ar MIT ta Amurka BY-NC-SA take sa wa darussanta na OpenCourseWare da take saki kyauta a intanet, don haka ba aibi ba ne. Malama, abin da na gani a aikace shi ne siffar fayil ta fi lasisi hana gyara. In PDF kaɗai kika saki, kin ba da izini kin riƙe mabuɗi. Ki haɗa da fayil ɗin Word, ki raba kowane darasi ya tsaya da ƙafarsa, kuma ki cire duk hoton da kika ɗauko daga littafin wani da tsofaffin tambayoyin WAEC, domin ba ki da ikon kyautar da abin da ba naki ba.

Tsohon Alli:
Dakta, da girmamawa, ke kin taɓa sakin guminki, ko na mutane kike jerawa a kanta? Wanda bai sha duka ba ba ya jin bari.

Na Tudun Wada:
Baba, ai shi ma wanda bai sa lasisi ba bai taɓa gwada abin da ake tambaya ba.

Ƙaramin Malami:
Ni dai in har aka saci darasin Lissafi a garin nan, Malama ta yi walima, domin an samu masu son Lissafi ke nan.

Malam daga Maraɗi:
Mu nan da Faransanci muke koyarwa, saboda haka bidiyonki ba zai amfane ni ba, amma rubutun zan iya fassarawa cikin mako guda in ya zo a fayil mai gyaruwa. Na yi aiki da kayan horar da malamai na TESSA, da yake akwai su da Faransanci, kuma rubutun ne muka fi juyawa. Bidiyo 24 kuwa kuɗin data zai cinye su kafin ɗalibi ya kai na biyar.

Dakta ta Laburare:
Amsar tambayar Baba ita ce na saki, darussa 11, kuma da lokacin ƙarin girma ya zo kwamiti bai ba su maki ko ɗaya ba, ya ce ba mujalla ba ce. UNESCO ta amince da shawararta kan buɗaɗɗun kayan ilimi tun 2019, amma takardar tantance malamai a wurinmu ba ta da gurbinsu.

Na Tudun Wada:
Yo ta yaya za a ba su maki alhali wasu cikin masu zaman kwamitin da sayar wa ɗalibai handawut suke cefane? Wanda ya saki nasa kyauta kasuwa ya ɓata musu.

Malamar Lissafi:
Na gode, zan haɗa da fayilolin Word, na kuma cire hotuna uku. Amma har yanzu ba a ce mini BY ko NC ba.

Tsohon Alli:
A wurinmu ma an taɓa hana sayar da handawut da takarda a rubuce, sai aka koma kiransa littafin aiki, farashin kuma ya ninka.