Tambaya kan "put off": ɗagewa ce kawai ma'anarsa?

Hafsatu:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske kan "put off". Ga jimloli uku: "They put off the meeting until Monday", da "The smell put me off my food", da "Stop talking, you're putting me off". Ta farko na gane ɗage taro ake nufi, amma sauran biyun ban ga alaƙarsu da ɗagewa ba. Kuma ko zan iya sa "postpone" ko "call off" a madadinsa duk inda ya zo?

Malam Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malama Hafsatu. Kafin komai, ki dubi karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. Idan aiki ne ko taro ko tafiya ko biyan kuɗi, to ɗagewa ce. Idan mutum ne, ma'anar ta sauya, kuma hanya uku take bi.

A jimlarki ta biyu, warin ne ya sa abincin ya fita daga ran mai magana. Ana faɗin haka a kan mutum ma: "His manner put me off" na nufin halinsa ya sa na ji ba na sonsa. Daga nan aka samu sifar "off-putting", abin da ke kore wa mutum sha'awa. A ta uku kuwa raba hankali ake nufi: mutum ya duƙufa kan aiki, surutu ya hana shi natsuwa. Akwai ta huɗu da ba ki kawo ba, wadda ɗalibai ke yawan kuskurewa: "He keeps putting me off". Kina neman ganinsa ko kina binsa bashi, kullum sai ya ce gobe, sai ya ce jibi. A nan ma mutum ne karɓau, amma ɗagewar ce ta dawo ta wata fuska, don haka sai an dubi maganar da ta gabata kafin a yanke hukunci.

Ta fuskar gini, suna yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe: "put the trip off" da "put off the trip" duk daidai ne. Wakilin suna kuwa dole ya shiga tsakiya, "put it off". Idan aikatau ya biyo baya, sai ya ɗauki "-ing": "She put off going to the dentist". Wanda ya rubuta "put off to go" ya yi kuskure, kuma a jarrabawa ana cire maki a kansa. "Put" ba ya sauya siffa a shuɗaɗɗen lokaci, babu "putted" a nan, sannan "putting" da "t" biyu ake rubuta shi.

Bilkisu Mai Fassara:
Malam ya gama da ma'ana, bari in taɓa makusantansa. Don Allah ki raba "call off" da wannan sahu gaba ɗaya. Sokewa yake nufi. Idan kika rubuta wa mutane cewa an yi "call off" na taro alhali ɗagewa aka yi, ba wanda zai jira sabuwar rana.

"Postpone" yana maye gurbinsa a ma'anar ɗagewa kaɗai, kuma shi ya fi dacewa da wasiƙar ofis ko sanarwa. Amma akwai ɗan bambanci da nake ganin ya kamata a kula da shi: "postpone" yakan nuna shawara ce aka yanke bisa tsari, shi kuwa "put off" sau da yawa yana ɗauke da ƙamshin ƙyuya, wato abin da mutum ba ya son yi ne yake ta turawa gaba. "Delay" jinkiri ne wanda ba lallai da son mutum ba, kamar jirgin da hazo ya tsayar. "Defer" na harkokin hukuma ne, biyan bashi ko shiga jami'a. "Adjourn" sai zaman da aka riga aka fara, kamar na kotu ko majalisa. "Procrastinate" ba ya ɗaukar karɓau, hali ne na jan ƙafa, don haka ba a cewa "procrastinate the work". Kishiyar ɗagewa ita ce "bring forward", a matso da ranar kusa.

A ma'anar fitar da abu daga rai, ki yi amfani da "discourage" ko "deter". A ta raba hankali, "distract".

Hafsatu:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: "put off the light" da ake yawan ji fa?

Malam Nahawu:
Ana jin sa, kuma za a fahimce ki, amma a rubutu ki riƙe "turn off" ko "switch off" ga fitilar lantarki, fanka da rediyo, domin su ne kowa ya yarda da su. Wutar da ke ci da harshe, kamar kyandir ko gobara ko taba, "put out" ake ce mata: "The firemen put out the fire". Ranar da aka ɗage zuwa gare ta kuma "until" ko "till" ke gabatar da ita, tsawon lokacin kuwa "for", kamar "put off for two weeks".