Don Allah ku ba ni shawara, memwar ɗina, wato rubutun kammala karatu, kan sit ɗin darussa ya tsaya mini a wuya

Hadiza:
Assalamu alaikum ƴan uwa, masu sani ku taimaka mini kaina ya ɗau zafi. Ina lisans 3 informatik nan Damagaram, kuma asali ba wannan suje na zaɓa ba, so na yi in yi aplikasiyo na lissafin kaya saboda shagon yayana da ke Kasuwar Dole, har na rubuta shafi 12, sai mushen da ke bin aikina ya ce an sha yin irinsa, in ɗauki sit ɗin darussa na departamanmu in bincika me ya hana ɗalibai shiga, in kawo gyara. Mu biyu ne da binom ɗina, to ita bayan salla aka ɗaura mata aure ta tare a Magarya, yanzu sai in tura saƙo da safe ta amsa da dare da "Allah ya dafa mana", ban ga laifinta ba amma dai ni kaɗai nake jan kayan, ga ordinatar ɗina batir ya mutu, da an ɗauke wuta shi ma ya bi.

Sit ɗin a kan Moodle yake, wato tsarin da makarantu ke ɗora darussa a intanet. Na yi kesiyoner a Google Forms, tambaya 42, na tura gurup uku, sati biyu mutum 9 kacal suka cika, kuma 8 cikinsu sun ce sit ɗin yana da kyau, alhali ni na san ba mai shiga, delege ne ke sauko da komai ya zuba mana a WhatsApp. Na riga na ɓata sati uku ina zana sabuwar fuskar farko, na canza kala zuwa kore, ta yi kyau wallahi. Sutnans, ranar da zan kare aikin gaban juri, saura sati biyar. Yaya zan yi mutane su cika?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba zan ɓoye miki ba, tambayarki ce ba daidai ba. Aje kesiyoner ɗin nan gefe. Bahaushe in kin tambaye shi abinki na da kyau ai ba zai kunyata ki ba, balle ƴan ajinku. Abin da mutum ke faɗi daban, abin da yatsansa ke yi daban. Ki nemo mutum biyar kawai. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da sit, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar na fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gara ki yi zagaye uku na biyar-biyar kina gyara a tsakani, da ki tara 15 lokaci guda. Ki zaunar da mutum da salularsa, ba ordinatar ɗinki ba, da pas ɗinsa na intanet, ki ba shi aiki: nemo mini jadawalin egzamen, sauko da kur ɗin satin jiya, tura devwar. Ki ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa da baki, ke kuma ki ja bakinki ki rubuta inda ya tsaya. Shi ke nan. Ni wannan aikin nake yi ina ci da shi.

Mushe Issa:
Malama Hadiza ki yi hattara. Maganar mutum biyar gaskiya ce wajen gano inda ake tuntuɓe, amma ba a auna komai da ita, kuma in kin tsaya gaban juri kin ce samfurinki mutum biyar, kafin ki kai ga sunan Baturen nan sun gama da ke. Na zauna a juri, tablo da lissafi suke nema. Ki rage tambayoyin ki ɗauki SUS, wato kesiyoner na auna sauƙin amfani da abu, John Brooke ya tsara shi a 1986, tambaya 10 ce tak, kowace da zaɓi biyar, maki daga 0 zuwa 100, matsakaicin da aka saba kafa hujja da shi 68. Ki buga a takarda ki raba a aji minti biyar kafin malami ya shigo, ki tsaya bakin ƙofa ki karɓa.

Abba Mirya:
Ni dai tunda an taɓo sit ɗin nan bari in amayar. Ranan na sayi pas da kuɗin kabu-kabuna, na ce in sauko da kur guda, ashe hotunan takardun hannu ne aka ɗauka da salula aka haɗa PDF mega 40 da wani abu, ya kai rabi ya katse, na sake, ya katse, mega ya ƙare na taka da ƙafa har Garin Malam cikin ranar nan. Kuma da na samu daga baya shafi uku a kife suke. Wace kala za ki canza ta gyara wannan?

Hadiza:
Na gode duka. Amma yaya Ɗan Zango tambayoyin nan 42 mushe ya duba ya sa hannu, ba zan koma in ce masa na zubar ba, kuma ba dukansu ke da tsawo ba wasu i ko a'a ne. Maganar kallon mutum ma ai na yi. Jiya da dare ƴar ɗakinmu na ce ta nemo jadawalin ratarapaj, salularta gilashin ya tsage ta gefe, ta shiga ta yi ta ja ƙasa tana wuce sati na 1, sati na 2, har na 14, ta koma sama, ta danna wani abu ya kai ta kur ɗin bara, ta ce "wai ina ne", sai na karɓi salular na nuna mata yana cikin anons can sama cikin buton ɗin nan mai layuka uku. Kun ga ai rashin sabo ne, shi ya sa na sa babban buton kore.

Ɗan Zango:
Innalillahi. Kin samu zinariya kin mayar rijiya. Lokacin da ta ce "wai ina ne" nan bincikenki ya fara, ke kuma kika ƙwace salula. Cewa za ki yi "ke ina kike zaton yake?" ki yi shiru. Wace kalma take nema? Me ya sa ta bi satuttuka ba ta bi anons ba? Rubuta sunayen abubuwan sit ɗin a ƴan guntayen kwali, ki ba ɗalibai su kasa su kashi-kashi yadda hankalinsu ya ba su, su raɗa wa kowane kashi suna, daga nan za ki san inda jadawali ya kamata ya zauna. Mushe Issa da girmanka, amma SUS maki zai ba ta, ba zai gaya mata me za ta gyara ba.

Mushe Issa:
Ban ce zai gaya mata ba. Cewa na yi diploma take nema. Ku mutanen ONG kun saba da rahoton da ba mai yi muku tambaya a kai.

Maman Iman:
Ƙanwata ni nawa ma bai kai ga PDF ba. Tun shekarar farko na manta kod ɗina, in na danna na manta sai ya ce ya aika imel, imel ɗin kuma wani yaro ne a sibar ya buɗa mini ranar rajista, ban san kod ɗinsa ba shi ma, yaron ma an ce ya tafi Agadas. Na je ofis sau uku ana ce mini mai makullin ya fita. Ga goyo ga girki, sai na haƙura. Ki ƙirga irinmu nawa ne, don mu ko kesiyoner ɗinki ba mu da abin cewa a kai.

Delege:
To ni da ake ta ambato, da megana nake sauko muku da kaya ba wanda ya taɓa ba ni ko dala. Kuma ku sani Moodle na da aplikasiyo na salula, kana iya sauke kur ka karanta ba rezo, in dai an kunna shi daga wajen admin. Hadiza ke kina da shigar admin kuwa?

Hadiza:
A'a ba ni da ita, da kont ɗina na ɗaliba nake shiga, zanen a Figma na yi, aplikasiyon zana fuskar sit. Mushe ya ce zai yi magana a ba ni, tun watan jiya.

Ɗan Zango:
Au. To koren ma ba inda za ki shafa shi kenan. Ba komai, Figma na yin samfurin da ake dannawa, gwada shi a salular mutum biyar ɗin, ki haɗa da malamai biyu ko uku don su ne ke ɗora kayan, matsalar Abba daga hannunsu take.

Abba Mirya:
Wa zai iya zaunar da malami ya ce masa yi tunani da ƙarfi ina rubutawa? Ku bar yarinya ta gama lafiya.

Hadiza:
Gaskiya malamai kam ba zan iya ba. Na ji maganar kowa, amma ina ga zan bar 42 ɗin tunda an sa hannu, in ƙara goman Mushe Issa a ƙasa da tambaya guda kan kod saboda Maman Iman, sai in buga a takarda. Koren kuma duk wanda na nuna wa ya ce ya yi. Wa ya san inda ake fotokopi da sauƙi wajen Sabon Gari? Shafi huɗu ne, mutum 60.

Ɗan Zango:
Tambaya 53 kenan fa.

Maman Iman:
Delege don Allah sake turo kur ɗin rezo na Talata, ya goge mini.