Yawon bakin teku a Akra da Cape Coast: abin da jama'a suka ce

Na bi maganganun da jama'a suka yi kan yawon bakin teku a Akra da Cape Coast, a ƙasar Gana, daga farko har ƙarshe, ga abin da na tsinto wa mai niyyar zuwa.

1. Bakin kowa ɗaya a kan ruwa: igiyar tekun Gana tana jan mutum, ko da ya iya iyo a rafin garinsu. A tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, hannun yaro yana cikin naka.

2. Labadi, wani wurin shaƙatawa na bakin teku a Akra, ta raba kan mutane. Masu sonta sun ambaci hawan doki da kiɗa. Masu iyali sun ce ana biyan kuɗin shiga, ga cinkoso ran Lahadi, gara a je da hantsi a tsakiyar mako.

3. Jamestown, tsohuwar unguwar masunta a Akra: a je da sassafe, lokacin da jiragen masunta ke dawowa, mata na jira da manyan kwanuka. Ban da Talata, ranar masunta ba sa fita. A nemi izini kafin ɗaukar hoto.

4. Masauki da abinci, unguwar Nima a Akra. Hausa kaɗai ta wadatar, ga waakye (shinkafa da wake) da tuwo, babban masallacin Kanda kuma yana kusa.

5. Tsofaffin gidajen da aka tsare bayi a garuruwan Cape Coast da Elmina (Turawan Fotugal suka gina na Elmina a 1482). Wasu sun ce yini ɗaya ya isa idan aka hau mota a tashar Kaneshie ta Akra da asuba. Mafi yawa sun ce a kwana, don wanda ya shiga kurkukun ƙasa, ya ga ƙofar da a da ake fitar da bayi zuwa jirgi, ba ya fitowa da ƙarfin kama hanya. Ni ma nan na karkata.