Wai caca a jinin Sinawa take, Faransawa kuma ba ruwansu?

Alhaji na Kwari: Jama'a, ina nan kan bakana: babu al'ummar da caca ta shiga jininta kamar Sinawa. Ku dubi Makau da ke kudancin ƙasar Sin, ɗan guri ne da bai kai ko unguwannin Kano ba, amma a 2006 kuɗin cacarsa ya zarce na titin cacar Las Vegas ta Amurka, a 2013 kuma ya kai wajen dala biliyan 45. Bikin sabuwar shekararsu kuwa, dangi ne ke zama gida-gida suna buga majan, wasansu mai kama da karta, a kan kuɗi. Ina Bafaranshe ya taɓa yin haka?

Malamin Tarihi: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka yi wa Faransa sassauci. Tun 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya ba da izinin tambola, wato cacar sayen tikiti, a ƙasarsa don baitulmali ya samu. Lissafin yiwuwar aukuwar abu da ake koya wa yaranmu a jami'a, daga teburin caca ya taso: a 1654 masana lissafin Faransa Pascal da Fermat suka yi ta musayar wasiƙu kan yadda 'yan caca za su raba kuɗi idan wasa ya katse bai ƙare ba. Rulet, faifan nan da ake juyawa a duk gidajen cacar duniya, a Faris ta yi suna. Ko bakara, kartar da ta fi kowane wasa kawo kuɗi a Makau, daga Turai ta samo asali.

Hajiya Uwargida: Alhaji, abin da ke ruɗarka shi ne taruwa. Tun 1949 gwamnatin Kwaminis ta haramta caca a babban yankin Sin, ba ta bar komai ba sai tambolarta guda biyu da ta buɗe daga baya. Mutum sama da biliyan ɗaya, ƙofar gidan caca ɗaya tak, wato Makau da Fotugal ta riƙe har 1999. Dole ka ga cunkoso. Faransa kuwa gidajen caca kusan 200 gare ta, ga tikitin tambola da na sukuwa ana sayarwa a shagunan taba na kowane lungu.

Ɗan Damagaram: Hajiya, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu a Nijar ba labari muke ji ba. Ku zo Yamai ko Maraɗi ku ga magidanta sun duƙufa kan takardar PMU, wato cacar sukuwar dawaki, suna ƙidayar dawakan da za su yi sukuwa a Faris, dawakan da ba su taɓa gani ido da ido ba. Faransa ce ta kafa PMU a 1930, ta ƙaro tiyarse, wato cankar dawaki ukun farko, a 1954, mu kuma muka gāda. Na san gidajen da kuɗin cefane ke tafiya can, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Har yau ban ga Basine ya koya wa talakanmu majan ba.

Alhaji na Kwari: Ƙanena, na ji wannan, kuma ban musa ba. Amma ku amsa mini: a ina Sinawa suka je ba su tafi da cacarsu ba? Wasan kino na Amurka daga tambolar ma'aikatan Sin ya samo asali. Singafo, inda Sinawa suka fi yawa, sai da ta ɗora wa 'yan ƙasa kuɗin shiga gidan caca don ta rage musu zuwa. Ga camfin lamba takwas da gudun lamba huɗu.

Malamin Tarihi: Monako ta wuce nan, Alhaji: ɗan ƙasa ma ba a yarda ya yi caca a Monte Karlo, babban gidan cacarta, ba sam. Kuma tarihin wurin shi ne amsarka. A 1836 gwamnatin Sarki Luwi Filib ta soke tambola, ta yi dokar rufe gidajen caca, aka kulle na Faris a ƙarshen 1837. Faransawa sun daina? Ina! 'Yan'uwan nan biyu masu suna Blanc suka ƙaura Jamus suka buɗe gida a Bad Homburg, sannan a 1863 François Blanc ya karɓi na Monte Karlo, jirgin ƙasa ya riƙa kwaso masa Faransawa. An toshe cikin gida, ruwan ya ɓulle ta bakin iyaka, daidai yadda Makau ta zame wa Sin. Da hanin ya gaza, sai Faransa ta koma cin haraji: ta halatta gidajen caca a garuruwan shaƙatawa a 1907, ta dawo da tambolar ƙasa a 1933.

Hajiya Uwargida: Shi ya sa kalmar jinin nan ba ta kwanta mini ba, Alhaji. Idan ka ce a jini take, ka wanke hukumar da ke ba da lasisi tana karɓar kasonta.

Alhaji na Kwari: Hukuma na da nata laifin, Hajiya, amma ba hukuma ke zaunar da kaka da jika kan teburin majan ranar biki ba. Malam, ka kawo mini irin wannan zaman a gidan Bafaranshe tukuna.