Hangen Dala ba shiga birni ba: hange ne ko leƙe?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. A huɗubar Juma'a liman ya karanta aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana tajassusi, sai ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne: abin da ka hango a ƙofar gidan maƙwabci bai ba ka ilimin cikin gidan ba. Bayan salla gardama ta kaure, wasu na cewa karin maganar ta mai buri ce, ba ruwanta da leƙen asiri. Malamai, wa ke da gaskiya?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ɗalibai ma a nan suke tuntuɓe, domin Turanci ya cusa abu biyu a kalma ɗaya. Spy da espy duk daga tsohon Faransanci espier suka fito, espionage ma dangin nan ne. Idan aka ce spy on, da on ɗin nan, leƙen asiri ne da gangan. Idan babu on, misali mutum ya yi spy ɗin jirgi a teku, hango shi kawai ya yi. Espy kuwa hange ne zalla, a rubutun adabi ake samunta. Glimpse gani ne na ƙiftawar ido, spot tsamo abu ne da ido daga cikin tarin abubuwa, peep leƙe ta kafa. Mai fassarar da ya yar da on sai ya wanke ɗan leƙen asiri, ya mai da shi ɗan kallo. Mu namu a rabe suke, kuma magabata hange suka ce, ba leƙe ba. Liman ya ɗan ja ta.

Mai Awon Fili: Malam, ban yarda ya ja ta ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, mutum a tsaye, idonsa mita 1.7 daga ƙasa, ba ya ganin doron ƙasa fiye da kilomita 5. Amma tudu mai tsayin mita 50, in babu hazo, ana iya tsinkayar kansa daga kusan kilomita 30. Kan kaɗai, ban da gindi, ban da gidajen da ke kewaye. To ai maganar liman ke nan, ka ga ƙololuwa ka ɗauka ka ga gari.

Hajiya Mai Koko: Ku ajiye lissafi, 'ya'yana. Kakarmu ta sha ba da labarin mahaifinta, bafatake ne mai jakuna, yana sauko da kanwa ta hanyar Daura da Kazaure. Ta ce da hantsi yaran ayari ke hango Dala da Goron Dutse, su hau murna, su sassauta kora. Nan kuskuren yake. Jaki da kaya ba ya sauri, ga tsayawar ban ruwa, ga gyaran mangala in ta karkace ta fara cin bayan dabba. Da magariba sarkin ƙofa ya rufe, kuma ba ya buɗewa don magiya. Sau ɗaya suka iso Ƙofar Ruwa ana tura ƙyaure, suka kwana a bayan ganuwa, a daren aka kwance musu jakuna biyu. Tun daga ranar madugu ya hana kowa nuna Dala da yatsa sai an sauke kaya a gidan fatoma. Kakar tamu ko biki aka sa rana, ba ta yarda a yi guɗa sai amarya ta taka ɗaki.

Mai Awon Fili: Hajiya, ko an shiga ƙofar ma da saura. Bature matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da gonaki da fili mai faɗi a cikin ganuwa kafin a kai gidaje da Kasuwar Kurmi.

Baban Amira: A kai wa masu manna hoto a kowace gada wannan labari. An tara 'yan haya a filin taro, an hango kujera, har an fara rabon muƙami.

Ɗan Kurmi: Su ai sun shiga birnin, mu ne aka bari a bayan ganuwa muna hangen ruwan famfo a allon talla. Jakunanmu ma an kwance.

Malamin Turanci: Ku dawo, jama'a. Hajiya ta ƙarfafa ɓangaren mai buri ne. Da ni ne liman, gani ya kori ji zan ɗauko.

Hajiya Mai Koko: A'a Malam, wannan ai zuga mai leƙe za ta yi, ya ce bari in gani da idona.

Ɗan Fagge: To ni yanzu me zan ce musu gobe a majalisa? Kuma wani ya rantse shi ganin Dala ya sani, ba hangen Dala ba.

Ɗan Kurmi: Duka biyun ana faɗi. Hajiya, jakunan nan biyu an gan su kuwa?