Neman shawara kan zamiyar dogon zango a dusar ƙanƙara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna ƙasashen sanyi. Ina zaune a Oslo ta ƙasar Nowe, kuma ciwon gwiwa da tsadar tikitin na'urar hawa tudu sun sa na bar zamiyar gangara, na koma zamiyar dogon zango a dajin Nordmarka, inda hanyoyin kyauta ne, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har tafkin Sognsvann da ke bakin dajin.

Matsalata tana wajen hawan tudu. Duk lokacin da na taka domin in tura jikina gaba, sai dogayen allunan zamiya da nake ɗaurawa a ƙafafuna su zame baya, musamman idan sanyin ya kusa digiri 0, lokacin da kakin da nake shafawa a tsakiyarsu yake ƙin kama ƙanƙara, ko kuma dusar ta dunƙule a ƙarƙashinsu har tafiya ta gagara.

Shin laifin kakin ne, ko allunan sun fi ƙarfin nauyina, ko kuwa ban iya ɗora nauyi a ƙafa ɗaya ba? Idan na sayi alluna masu gashi a ƙarƙashinsu, waɗanda ba sa buƙatar kakin kamawa, za su magance mini wannan? Don Allah wanda ya ƙware ya taimaka mini.