Ina so in sayi bindigar iska ta PCP karon farko, daga ina zan fara?

Baban Khalifa, Mista Ali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan kaji a bayan Mista Ali, kan hanyar Zariya, kaji masu ƙwai 1,200. Tun farkon damina ɓeraye suka hana ni sakat. Sito ɗaya gare ni, kuma duk safiya sai na tarar an huda buhu biyu ko uku, abinci a zube ya cakuɗe da kashinsu. Gafiya ma ta shigo, ta yi rami ta ƙarƙashin katangar baya. Guba na daina sawa tun ranar da kyanwar yarana ta ci mushen ɓera ta mutu a gabansu, abin ya taɓa ni ƙwarai. Tarko kuwa kwana uku ya yi yana kamu, daga nan suka gane shi.

Wani abokina ya zo daga Kaduna da bindigar iska irin wadda ake karyawa a sa harsashi ɗaya, mai sifirin. Mun gwada a kan gwangwani, amma duk harbi sai ta zabura a kafaɗata, cikin goma da ƙyar na samu uku. Shi ne ya ce mini akwai wata iri da ake kira PCP, wadda ake ɗura wa iska a wani ɗan tulu da ke ƙarƙashin bututunta, ba ta zabura, kuma cikawa ɗaya tana yin harbi da yawa. Na kwana biyu ina kallon bidiyonta a YouTube, raina ya biya, amma kaina ya ɗaure.

Abin da ya fi damuna shi ne iskar. A ina zan samu a Jos? Na tambayi mai facin taya na bakin titinmu, ya ce in kawo zai gwada. Wani mai walda kuma ya ce tulunsa ya fi na mai faci ƙarfi nesa ba kusa ba, zai cika mini kyauta. Wanne ya dace? Sannan na ga ana rubuta 4.5 da 5.5, ban san wadda za ta yi wa ɓera da gafiya ba. Daga ƙofar sito zuwa katanga taku 20 ne, na auna. Sai maganar takarda: abokina ya ce tunda ba ta albarushi ba ce ba a buƙatar komai, ni kuma hankalina bai kwanta ba, don kowa ya san yadda garin nan yake da shingayen jami'an tsaro. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ta ya taimaka mini kafin in zuba kuɗi.

Alhaji Ɗanladi, Bukuru

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, kada ka kai ta wurin mai walda. Ko kyauta, ko da ladan goro a kai. Tulun nan nasa oksijin ne a ciki, kuma oksijin mai matsi in ya haɗu da ɗigon mai ko roba sai ya kama wuta nan take, tulun bindigar ya tarwatse a hannun mutum. Ba mugunta yake nufinka da ita ba, bai sani ba ne. Iska tsagwaronta ake sa mata, irin wadda muke shaƙa, busasshiya.

Maganar takarda kuwa, abokinka ya yi kuskure. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta lissafa bindigar iska a jeri ɗaya da bindigar farauta, kuma lasisin wannan jerin daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Shigo da ita daga waje ma sai da izini. Hukuma kan dakatar da bayar da sabon lasisi lokaci-lokaci, saboda haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha ka ji matsayin da ake ciki yanzu. In sun ce a dakata, ka dakata. PCP mai madubin saiti a sama, in an hasko ta da tocila a but ɗin mota da daddare, ba wanda zai tsaya tambayarka ko da iska take aiki. Ni na riƙe bindigar farauta shekaru masu yawa a ƙasar nan, ban taɓa fita da ita ba sai takardata na aljihun gaba.

Injiniya Sani, Rayfield

Baba Alhaji ya gama magana a kan mai walda, Allah ya saka. Bari in ɗora a kan iska, don a ganina wanda ya sayi PCP bai tanadi hanyar cika ta ba, rabin kaya ya saya.

Mai faci ba zai iya ba, kuma ba laifinsa ba ne. Da ma'aunin da ake kira bar ake auna matsin iska: tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da 'yan kai, injinsa kuma iyakarsa bar 8 zuwa 10. Yawancin PCP bar 200 ake cika su, wasu har 250. Ka ga ko hanya ba su haɗa ba. A ƙasashen da ake ninkaya a ƙarƙashin teku, mutane kan sayi tulun masu nutso su kai shago a cika musu. Mu a Filato wannan ƙofar a rufe take, saura biyu: famfon hannu na musamman, ko kwamfuresa mai matsi sosai.

Ni da famfon hannu na fara, kuma shi nake ba ka shawara. Kamarsa ɗaya da na keke amma ya fi nauyi, yana da agogon matsi a gindi. Tawa bindigar ina harba ta daga 200 zuwa wajen 110, in samu harbi mai kyau kamar 25, sannan in mayar da ita 200 da bugu kusan 100. Daga 150 zuwa sama ba ƙarfin hannu ba ne kuma, miƙe gwiwar hannu za ka yi ka sauke nauyin jikinka a kai. Duk bugu 50 ka tsaya minti biyar ya huce, don zafi ne ke cinye robobin cikinsa. Wani abu da ba za ka ji a bidiyon Turawa ba: Jos tana kan tudu, mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 13 cikin 100. Kowane bugu iskar da famfo ke kwasowa ta ragu ke nan, za ka yi bugu fiye da abin da suka faɗa. Kada ka ɗauka famfonka ne ya lalace.

Kwamfuresa irin Yong Heng ta China tana cikawa cikin minti ɗaya ko biyu, amma tana jan wuta kusan kilowat 1.8, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, kuma sai ka ajiye mata bokitin ruwa mai zagayawa don sanyaya kanta. Mai harbi 20 a dare ba ya buƙatar wannan ɗawainiyar.

Babban abokin gaba shi ne danshi. In ka matse iskar watan Agusta zuwa bar 200, ruwa ne zai taru a cikin tulu, tsatsa ta ci shi daga ciki inda ido ba ya gani. Ka sayi famfo mai matatar danshi, ka riƙa cikawa a cikin ɗaki ba a tsakar gida bayan ruwan sama ba. Da hunturu kam sai hamdala, sai dai ka kare bakin cikawa daga ƙura. In ka gama, ka kwance ɗan dunƙulen sakin iska na jikin famfo har ta fita fus, kafin ka zare tiyo. Mai kuma, kada man inji ko na keken ɗinki ya kusanci inda iska ke bi. Man silikon kaɗai, shi ma ɗan shafe a kan roba. Kada ka wuce matsin da aka rubuta a jikin tulu, don cika fiye da ƙima ba ya ƙara ƙarfi, bawul ɗin ne zai ƙi buɗewa harbin ya yi rauni. Kada kuma ka bar ta a mota a rana: tulun da aka cika 200 da sanyin safiya, in motar ta gasu yana iya haura 220. In za ka ajiye ta kwanaki, bar ta da iska a ciki, ita ke riƙe robobin a mazauninsu. Na taɓa barin tawa wayam wata biyu, da na dawo sai da na canza roba kafin ta riƙe iska.

Tsakanin 4.5 da 5.5, kaurin harsashi ne a milimita. 4.5 ita ake gasar Olamfik da ita a mita 10, tafiyarta miƙaƙƙiya ce. Tunda akwai gafiya a lissafinka, ɗauki 5.5, dukanta ya fi nauyi. Harsashin JSB na ƙasar Cek mai nauyin giram 1.03 ko na H&N na Jamus su na fi yarda da su, mai zagayayyen kai, ba mai tsini ba. Bindigar kuwa ba sai ta Ingila ko Suwidin mai tsada ba. Hatsan da Kral na Turkiyya, ko Artemis PR900W ta China, duk sun isa taku 20. Abin da zan duba shi ne ko mai sayarwa zai haɗa maka da robobin canji da kan cikawa, don kan cikawar wani kamfani ba lallai ya shiga na wani ba.

Maman Hanifa, Rikkos

Malam, ni ma kaji nake kiwo, kuma na yi aikin jinya kafin in ajiye. Ban ce kada ka saya ba, amma ina da magana biyu. Harsashin nan dalma ce zalla. Kaza ba ta ganin ƙaramin abu mai ƙyalli ta ƙyale, kuma abin da ta ci yana iya biyo ƙwan da za ka sayar wa mutane. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Can ƙurar haƙar zinariya ce, amma dalmar ɗaya ce. Kada ka yi harbi a cikin sito ko cikin ɗakin kaji, kada ka riƙe harsashi a baki kamar yadda na ga samari na yi, ka wanke hannu kafin ka ɗauki Khalifa. Gwangwanin harsashin ma a kulle shi tare da bindigar.

Na biyu, bindiga ba za ta ƙarar maka da ɓera ba. Ka kashe biyar yau, gobe goma su haifu. Ni abin da ya yi mini magani shi ne na ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, na lika ramuka da siminti da fasasshiyar kwalba, na buga falan ƙarfe a ƙasan ƙofa. Ka yi wannan tukuna, sai bindigar ta share ragowar.

Baban Khalifa, Mista Ali

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji, wallahi jikina ya yi sanyi, don da bindigar na hannuna da tuni na kai wa mai waldar. Na je na gaya masa yau da safe, shi ma ya riƙe baki. Ranar Litinin in sha Allahu zan shiga hedikwata, ba zan tura wa kowa kuɗi ba sai na ji daga bakinsu. Hajiya, kin yi gaskiya, buhunana a ƙasa suke jingine da bango. Na yi wa birkila magana, gobe zai zo.

Saura abu ɗaya. Bayan katangata akwai wani falalen dutse, bayansa kuma hanyar da yara ke bi zuwa islamiyya. Na ɗauka dutsen zai tare duk abin da ya wuce. Haka ne?

Alhaji Ɗanladi, Bukuru

A'a ɗana, dutsen nan shi ne haɗarin. Dalma in ta daki dutse a karkace ba ta tsayawa, tsalle take ta canza hanya, kuma ba kai ke zaɓa mata inda za ta nufa ba. Haka take yi a kan ruwa, shi ya sa ban taɓa yarda a yi harbi a bakin kududdufan kuza na wajenmu ba. Harsashin 5.5 in bai gamu da komai ba yana wuce mita 300, kuma ya isa ya fasa ido ko ya shiga kan yaro.

Ka cika buhunan abincin kajin da suka ƙare da yashi, ka jera su biyu-biyu a gindin katanga ta ciki har tsayin ƙugu. Can za ka zuba ɗan dusa, nesa da kaji, ɓerayen su saba zuwa. Ka zauna a wuri mai ɗan tudu yadda bakin bindiga zai riƙa kallon ƙasa, ka ɗora ta a kan wani buhun. Kafin ka nufi mai rai, ka ƙarar da rabin gwangwanin harsashi a kan kwali a daidai wannan taku 20 ɗin, har sai harbi biyar sun taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe. In ba su taru ba, ba ka isa harbin ɓera ba tukuna, raunata shi kawai za ka yi ya je ya mutu a rami da wahala. Mai cuta ne, an halatta kashe shi, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in za a kashe a kyautata kisan. A kai ake nufa, harbi ɗaya. Yatsa kuma ba ya hawa kunama sai ka ga abin da za ka harba, ka kuma ga yashin da ke bayansa.

In takardarka ta fito ka sanar da ni a nan. Zan shigo Mista Ali wata Asabar da safe mu saita madubin tare, sai ka tanadi kwali da buhunan yashin kafin in iso.